Saniyar da Kawu Ya Zana Mini

Jiya ƙamshin jiƙaƙƙen ƙaro ya tuna mini da marigayi Kawu, yayan mahaifiyata. Da ƙaro yake manna abubuwa a zanensa, ya murza gawayi da jar ƙasar Zandam da yatsa.

Ranar da aka kora saniyata kasuwar Gwaram don a yi mini kayan ɗaki, na yi ta kuka kamar wadda aka raba da masoyi. Sai ya zana ta a kwali, har da farin goshinta, ya manna gashin wutsiyarta da ya tsinko tun da safe.

Ya ce, "Share hawayenki, amarya. Wannan ba dillalin da zai taya ta."

Da ita na shiga ɗakin mijina. Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu, kamar yadda ka sanyaya mini zuciya.