Gaurakar Baba a Silima

Jiya na ji kukan gauraka a gonakin shinkafar Garu, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. Yana da wata da ya yi rainonta tun tana ƙarama. In ya tafa hannu, sai ta buɗe fiffike ta kama rawa. Zamanin mulkin soja, masu silima daga Yamai suka ɗauke su a fim tare a bakin kogi.

Kafin a kawo fim ɗin garin Gaya da ke ƙetaren kogi, gaurakar ta mutu, idanun Baba kuma sun tafi. Duk da haka muka tsallaka gada, yana dafe da kafaɗata, rigarsa na ƙamshin turaren wuta.

"Ɗiyata, in ni da ita mun fito a fim ɗin, ki faɗa mini komi."

Da suka fito, kallo ya ɗauke ni. Na saki baki, ban ce uffan ba har wurin ya wuce. Kukanta kawai ya ji.

"Ta buɗe fiffike sosai?" ya tambaye ni a hankali.

Na ba shi labari a hanya, amma lokacin da take rawar ya so ji. Har yau abin yana cina. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya mayar masa da ganinsa a Aljanna.