Bayan An Sallami Malam

Mu biyu ne muke gyaran rubutun Hausa a wani kamfani a unguwar West Bay ta Doha, ni da wani dattijo mutumin Zariya da nake kira Malam. Ni karatu ya kawo ni Doha, aikin na rabin yini nake yi. Shi kuwa a gyaran rubutu ya yi furfura. Kamfanin yana shirya bayanan kiwon lafiya cikin harsuna da dama, namu shi ne mu karanta na Hausa kafin a fitar.

Malam yana iya zama kan jimla ɗaya har shayinsa ya huce. Ya karanta ta a bayyane, ya girgiza kai.

"'Yata, ba kuskure a ciki. Amma wa ke magana haka?"

Sai aka kawo manhajar da ke fassara ta kuma gyara da kanta. Gaskiya tana ƙoƙari. Bayan 'yan watanni manaja ya ce mutum ɗaya ya isa ya bi bayanta. Ni aka bari, don ladana bai kai nasa ba.

Kafin ya koma gida, ni da mijina muka kai shi cin kifi a Al Wakrah, a bakin teku. Ya ci kaɗan, yana kallon jiragen masunta. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri."

"Khalas, ya wuce," ya ce, yana dariya. "Dama idona ya gaji. In jimla ta gagare ki, turo min."

Da farko ina turawa. Yakan amsa da saƙon murya mai tsawo, ana jin kukan awaki a bayansa. Amma aikin ya ninka. Shafuka suke zubowa tun safe, kowanne kusan daidai, kuma neman ɗan abin da ya karkace a cikinsu ya fi gyara rubutu marar kyau gajiyarwa. Ina cire wanda zai cutar da mai karatu, sauran in bar su su wuce. Babu lokacin jiran amsa daga Zariya.

Yanzu sai da sallah muke gaisawa. Ya tambayi mijina da karatuna, ya ce ya fara kiwon kaji. Ba ya tambayar aiki, ni ma ba na ɗauko zancen.