Gaggawa a Ƙarƙashin Jar Mota

Tun yana yaro ake ce masa Gaggawa, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Ya yi ɗinki ya bari. Ya yi ɗaukar hoto ya bari. Ya yi kiwon kaji, suna fara ƙwai ya sayar da su ya buɗe shagon fenti, inda ya ɗan daɗe saboda kullum da sabuwar kalar da za a haɗa. Da furfura ta cinye masa gemu, matarsa ta ɗauka hutu ya zo. Sai ga shi wata rana ya shigo da wata tsohuwar jar mota mai kujera biyu, irin ta tsere, cikinta kamar zai shafi ƙasa.

"Wannan kuma tabarma ce aka sa wa taya?" in ji matar.

"Ke dai shigo ki ji gudu."

"In na shiga wa zai ciro ni?"

Bai daɗe da ita ba ya haye tudun rage gudu a bakin kasuwa bai taka birki ba. Salansa, bututun hayaƙin motar, ta saki, ta riƙa jan ƙasa har gida. Bakanike ya ce a kawo jibi. Jibi kuwa a wurin Gaggawa shekara ce.

A ƙofar gida ya tsayar da ita, kan yashi, a ɗan gangare. Jak ɗin ɗaga mota ya ƙi shiga, motar ta cika kwanciya. Ya tone yashin da hannu ya cusa shi, ya ɗaga, ya jawo bulo guda daga ragowar gini ya tura a gefe. Ya kwanta rigingine, kansa ya shige, kafaɗu na biye, sai ya ji an damƙe masa ƙafa.

'Yarsa ce ta fari, nas a ɗakin da ake karɓar masu haɗari, ta taso daga aikin safe da farin kayanta.

"Baba, fito."

"Uwata, yanzun nan zan gama."

"Fito tukuna. Na taɓa karɓar wani da mota ta zauna wa a ƙirji. Shi ma yanzun nan zai gama."

Ya fito yana mita, yana kakkaɓe riga. Don ya nuna mata motar daram take, ya dafa bayanta ya ɗan tura. Jak ya karkace cikin yashi. Motar ta sauko tim a kan bulon, bulon ya fashe ya zama gari. Tabaransa da ya bari a ƙarƙashin motar, ƙarar murƙushewarsa kawai suka ji.

Gaggawa ya tsaya yana kallon inda kansa yake ɗazu.

Ba rashin sani ba ne. Ya san yadda ake yi sarai, jira ne ba ya iyawa. Ya tafi wurin bakanike ya aro ƙafafun ƙarfe guda biyu, irin waɗanda ake ɗora mota a kai, da babban jak mai hannu. 'Yar ta jawo kujera ta zauna da jakarta a cinya, ta ce ba inda za ta.

Ya shigar da motar kan simintin tsakar gida inda ƙasa take a miƙe. Ya shimfiɗa katako mai kauri, ya hau da tayoyin baya a kai don jak ya sami hanya. Ya kashe inji ya miƙa hannu zai fara ɗagawa.

"Baba, na gaban fa?"

Ya yi tsaki, don gaskiyarta ne: birkin hannu tayoyin baya yake riƙewa, in sun tashi ba abin da zai hana ta gangarawa. Ya sa waigi, guntun katakon tare taya, gaba da bayan kowace tayar gaba. Ya durƙusa yana laluben cikin motar da yatsu har ya sami wurin ƙarfe mai kauri da aka yi don jak, ya sa guntun roba a kai. Ya ɗaga kaɗan, ya leƙa, ya zagaya motar, ya dawo. Ya kafa ƙarfe guda, ya sauke motar a kai a hankali, haƙoransa a cije kamar ana cire masa ƙaya. Ya koma ɗaya gefen ya maimaita. Ya tura tayar safaya a ƙarƙashi, ya bar jak yana taɓa motar.

"To, tura ta," in ji 'yar. "Da ƙarfi."

Ya tura da kafaɗa, ya jijjiga ta hagu da dama. Ko gezau.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne, robar da ke rataye salansa ce ta tsinke, da noti guda da ya kwance. Da ya fito, hannu duk baƙi, ya ga 'yarsa tana ƙoƙarin zuge jakarta, zif ɗin sai kuɓuce mata yake. Ita da ke ganin jini kullum. Ya karɓi jakar ya zuge mata, ya bar mata tabon baƙin mai a jiki.

"Kada ki gaya wa mamanki."

"Tana taga tun ɗazu, Baba."

Ƙafafun ƙarfen bai mayar ba, sayensu ya yi. Motar kuwa ba ta kai ƙarshen shekara a hannunsa ba. Wani mai sayen fenti ya ba shi labarin kiwon zuma, washegari aka gan shi a bayan gida yana auna fili da taku, matarsa na biye da shi tana tambayar a ina za ta riƙa shanya.