Abin da Ban Wanke Ba

Shekara uku bayan gubar dalma ta ɗauke mana yara a Dareta da Yargalma, na rubuta wasu baitoci da ajami, ina jan kunnen iyaye mata kada a riƙa daka dutsen zinari cikin gida. Wani abokina mai situdiyo a Anka ya ce in babu kiɗa, mata ba za su saurara ba. Ya haɗa ni da wani malamin firamare a Gummi, Kirista ne, gwanin fiyano. Ticha ake ce masa. Ban taɓa ganinsa ba.

Ga yadda aikin yake: in rera a Anka, abokina ya ɗora fayil ɗin aikin gaba ɗaya a intanet, Ticha ya sauke a Gummi ya zuba kiɗa, ya maido. Fayil ɗin na da nauyi. Sai mu ɗora shi da hantsi, mu je azahar mu dawo bai kai rabi ba.

Ranar ɗaukar murya ta uku, ina tsaye gaban makirufo, na ce da abokina, “Wanga kiɗin nashi duk warin coci shikai. In an gama a cire sunanshi, kar almajiraina su ji ni tare da shi.”

Abokina ya ce, “Malam, ana ɗauka fa.”

Na ce, “To, goge.”

Ya taɓa wani abu, wurin ya ɓace daga fuskar kwamfuta. Hankalina ya kwanta. Ni ɗan allo ne. A sanina abin da aka wanke ya tafi.

Bayan kwana huɗu aiki ya dawo. Kiɗin ya yi kyau har na ji tsikar jikina ta tashi. A ƙarshe, inda ake ambaton waɗanda suka yi aikin, sunana da na abokina kawai na ji. Ga ɗan saƙo a haɗe: “Na cire, kamar yadda Malam ya ce. Allah ya sa mata su ji.”

Abokina ya dafa kai. Ya kama gefen muryata a kwamfuta ya ja baya, sai ga maganata ta fito ras. Ashe na'urar ba wankewa take yi ba, naɗewa take yi, kamar a naɗe gefen takarda. Ticha ya buɗe naɗin ne yana neman inda na ja numfashi.

Ni da nake karantar da babin giba duk azumi. Na yi istigfari, amma na san hakkin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Duk da haka na yi wata biyu ina jan ƙafa. Waƙar tana yawo a wayoyi har Bukkuyum, ana yabona, kowane yabo kamar an watsa mini ruwan zafi.

Wata Asabar na hau mota zuwa Gummi. Na same shi yana wankin babur, mutum ne gajere mai furfura. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa.

Na ce, “Ticha, ni ne na Anka. Gafara na zo nema.”

“Ai tun daga sallama na gane. Muryar nan kwana huɗu na yi da ita a kunne.” Ya yi dariya, sannan ya dube ni. “Maganar nan ta yi mini zafi, Malam. A asibiti na ga yaran nan, shi ya sa na karɓi aikin.”

Na kasa ɗaga kai.

“Na yafe,” in ji shi. “Baiti na huɗu ne ban yafe ba. Ka tsere wa kiɗa kamar mai bin mota.”

A ɗakinsa muka sake ɗaukar baitin, yana kaɗa mini yatsa. Da na kai ƙarshe ban tsaya ba, na ambaci sunansa da bakina, na sa shi a farko.

Ya ce, “A goge wannan?”

Na ce, “A bari.”