Kaset ɗin da Na Ce Ya Lalace

Abokina mai gyaran rediyo ne a kasuwar Tawa. Shekarar da ya dawo daga cin rani a Abijan, ya zo da kaset na wasu Turawa masu jita, wanda aka ɗauka a gaban taro. Waƙa ɗaya takan kai minti ashirin. Kiɗan ya tafi a hankali, sai ya karye ya koma wani daban, can baya kana jin tafi da sowar mutane. Ni dai na ce masa waɗannan ba su san inda suka dosa ba. Shi kuwa kullum kaset ɗin yake ji a shago, har ya samu mutum uku suka haɗa ƙungiya: jita biyu, gurmi da kalangu. So suke su yi irin wannan dogon kiɗan da Hausa.

Sau ɗaya tak suka yi wasa, wata Asabar bayan la'asar, a gidan matasa. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo, sai ya roƙe ni in zo da na'ura in ɗauka. Waƙar farko ba ta kai rabi ba mutane suka fara tashi. Wani ɗan kabu-kabu ya ɗaga murya ya ce, "To yaushe za a fara kiɗan?" Aka fashe da dariya, har da ni. Su dai suka ci gaba har ƙarshe, kujeru sun fi mutane yawa.

Bayan kwana biyu abokina ya same ni a wurin aiki.

"Malam, yaushe za ka sa mu?"

Kunyar abokan aiki nake ji, kada su mai da ni abin ba'a. Na yi ta ce masa gobe. A zuwansa na uku na ce na'ura ta tauna kaset ɗin, har da rantsuwa. Ya ce, "Allah bai nufa ba." Kaset kuwa yana cikin jakata.

Kafin damina ƙungiyar ta watse. Mai kalangu ya koma kiɗan biki. Da mahaifin abokina ya rasu, ya sayar da jitarsa ya koma garinsu Kalfu ya riƙe gona.

Shekaru da yawa bayan haka, muna kwashe kaya za mu sake gida, na ci karo da kaset ɗin, na sa shi. Akwai kurakurai. Amma a tsakiya gurmi da jita suna amsa wa juna, abokina kuma yana waƙar mazan ƙasar Adar da ke tafiya su bar gida. Kusa da na'ura kuma na ji dariyata, sarai.

Na hau mota zuwa Kalfu. Na iske shi yana gyaran rumbu, furfura ta fito masa. Na miƙa masa kaset ɗin, na faɗi gaskiya.

"Ai na sani tun rannan," ya ce. "Da ya lalace, wa za ka kai ma gyara in ba ni ba?"

Na ce ya yafe mini, kuma ko yanzu zan nemi a sa shi a rediyo. Ya juya kaset ɗin a hannunsa, ya jefa a aljihu.

"Bar shi. Da bara ka taho, da mai gurmi ya ji, Allah ya jiƙansa. Kullum sai ya ce bai taɓa jin kansa ba."

Aka kawo fura. Muka sha, muka yi zancen gero.