Taguwar da Take Komawa Titin Jirgi

Aikin Basiru tsintar duwatsu ne. Kullum bayan sallar asuba, kafin jirgin farko ya sauka a filin jirgin saman Tamanrasset, yakan rataya buhu a kafaɗa ya bi titin jirgi daga wannan kai zuwa wancan, idonsa a ƙasa. Tsakuwa, ƙusa, guntun waya, murfin kwalba, duk abin da iska ta kawo ko mota ta yar, shi yake kwashewa. Tun ranar farko aka gaya masa dutse kamar ƙwallon dabino ya isa ya lalata injin jirgi. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan tafiya. Ya san ƙarƙashin kowane jirgi da tayoyinsa, amma bai taɓa ganin kujerun da ke ciki ba.

Mutumin Tanut ne, ƙasar Damargu. Ya zo yana saurayi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ta Arlit da Assamaka, kwana tara a hanya, rawani naɗe har ido. Ya ɗauki bulo a gine-ginen unguwar Tahaggart har kafaɗarsa ta yi kanta. Daga nan ya shiga jan raƙuma a wajen wani mai kai baƙi dutsen Assekrem, inda Turawa suke tashi cikin sanyi don kawai su ga fitowar rana. Da baƙin suka ɗauke ƙafa, maigidan ya sallame shi, ya haɗa masa da 'yar taguwa fara mai tabo a wuya. Ran Litinin aka haife ta, sai ya sa mata Tani.

Basiru ba shi da gona a ƙasar nan, gidan da suke ciki shi da matarsa Laure na haya ne, 'yarsu Salima ta yi aure ta tafi. Tani ce kaɗai abin da zai nuna ya ce nawa ne. Yana kiwonta a wani kwari bayan filin jirgi, inda akwai ƙaya da 'yan itatuwan aduwa.

Bara aka buɗe shantiye, wato babban aikin gini, a filin jirgin. Manyan motoci suka zo suna ture ƙasa, aka ce za a tsawaita titin, a faɗaɗa zauren matafiya, jiragen ƙasashen waje su riƙa sauka kai tsaye. Leburori suna cewa wata rana har Agadas za a riƙa zuwa, wasu su ce har Yamai. Ba wanda ya ga takarda, amma maganar ta zauna a kan Basiru. Idan hantsi ya yi, ƙawalwalniya ta kwanta a kan kwalta kamar tabkin garinsu da damina, sai ya ga kansa a sama. Ya ga hanyar kwana tara ta koma zare a ƙarƙashinsa, rijiyoyin da ya sha ruwansu sun zama ɗigo-ɗigo, ga rumbunan gero na Damargu suna taso masa kafin shayin da aka ba shi ya huce.

"Kai da ko tsani ka hau sai ka yi salati," in ji Laure, tana juya fanken da take sayar wa magina. "Baban Salima, ka dai tsinci duwatsunka."

"Kusa da taga zan zaunar da ke."

"To, in amai ya zo mini, a kan rigarka zan yi."

Cikin sanyin bana Tani ta haihu a gindin wata aduwa. Ɗan bai yi ƙwari ba. Kwana tara yana tashi yana faɗuwa, ran na goma Basiru ya ga ba zai kai yamma ba. Ya jira uwar ta tafi shan ruwa, ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai bayan tudu ya yanka, don kada ta gani. Tausayinta ya ji. Da ta dawo ba ta tarar da komai ba sai sawu.

Bayan mako biyu motoci suka iso kwarin. Aka tumɓuke aduwar, aka daidaita ƙasa, aka shimfiɗa kwalta baƙa wulik. Basiru ya mai da Tani can nesa, ya ɗaure ta. Ta tauna igiya. Da safe aka gan ta tsaye tsakiyar sabon titin, daidai inda aduwar take a da, wuyanta miƙe, tana kuka ƙasa-ƙasa. Ba alama ko ɗaya da ta rage a wurin, amma ba ta kuskure ko taku guda ba. Shingen waya bai gama zagayowa ba, ta san duk inda aka bar kafa. Sau huɗu tana yin haka.

Shef ɗin shantiye, wato shugaban aikin, Si Larbi, mutum ne mai haƙuri, yakan sha shayi da leburori. A karo na huɗu ya kira Basiru gefe.

"Ya Basiru, ran Alhamis jirgin waje na farko zai sauka a kan titin nan, da mutane ɗari da wani abu a ciki. In aka sake ganin dabbar nan, jandarma ba za su tambaye ni ba, ni ma ba zan hana su ba. Ka sayar da ita tun tana da rai."

Ran Talata Basiru ya shiga kasuwar Assihar neman wanda zai haɗa shi da mahauci. Ya tsaya rumfar Hasan, wani tsohon Ba'abzine mai sayar da cuku da jakunkunan fata, wanda suka san juna tun zamanin Assekrem. Hasan ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya sauke rawani daga baki don dariyar ta fita sosai.

"Ku dai Hausawa gero kuka iya! Ka sace mata ɗa tana wajen ruwa, kana so ta ce Allah ya jiƙansa ta koma kiwo?"

"Tsoho, tausayinta na ji."

"Tausayinka ne zai kai ta mahauta. Ina fatar?"

"Tana wurin Laure. Ta sa mata gishiri ta shanya, wai za ta yi wa jika shimfiɗa."

"Matarka ta fi ka hankali, ko da ba ta sani ba."

Hasan ya zuba masa shayi ya yi masa bayani. A wurinsu, in ɗan raƙumi ya mutu, ba a ɓoye wa uwar. Feɗe shi ake yi, a cusa wa fatar ciyawa, a ɗinke, a yi mata ƙafafu da sanduna, a barbaɗa gishiri a gadon baya, a ajiye a gabanta.

"Sai ta ɗauka yana da rai?" in ji Basiru.

"Ita ba wawiya ba ce kamar mai ita. Ta san ya mutu. So take ta san inda yake."

Yinin Laraba Laure ta ajiye kaskon fanke, ta jiƙa fatar ta yi laushi, ta zauna da basilla da zare. Basiru yana miƙo ciyawa. Abin da ya fito bai yi kama da komai ba: wuya a karkace, ciki ya kumbura gefe guda, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

"Kamanninka ya ɗauko," in ji Laure. Ta shafa kan sau biyu kafin ta miƙa masa.

Ran Alhamis da sassafe ya hau motar ma'aikata rungume da shi, leburori suna tambayarsa ko ya yi wa yaron fasfo. Da ya isa turke, igiya ce kawai a ƙasa. Ya ɗaga kai ya hango ta can tsakiyar titi, fara sol a kan baƙar kwalta, duwatsun Hoggar sun yi ja a bayanta. Motar jandarma ta riga ta tsaya a gefe. Si Larbi ya dubi agogo, ya dubi abin da ke hannun Basiru. Sai ya je ya yi magana da jandarman, ya dawo ya ce, "Minti ashirin."

Basiru ya taka titin da ya saba takawa, wannan karo bai dubi ƙasa ba. Ya zagaya ta inda iska take busowa, ya tsayar da ɗan ciyawar a kan sandunansa, ya ja da baya.

Tani ta daina kuka. Ta juyo da kai a hankali, hancinta yana motsi. Ta taho, ta sunkuyar da dogon wuyanta, ta shinshina kunnen da ya kwanta, ta bi gadon baya har wutsiya, ta dawo. Ta daɗe a haka. Sannan ta fara lasa.

Ya bar ta ta lasa har ta ƙoshi. Ya ɗauki ɗan a kafaɗa, kamar yadda ya ɗauke shi ranar da ya ɓoye mata, sai dai yau a kan idonta. Ya nufi kafar shinge. Bai sa mata igiya ba. Yana jin numfashinta mai ɗumi a ƙeyarsa, da taushin takunta a kan kwalta, sannan a kan tsakuwa, sannan a kan rairayi.

Sun yi nisa, sun haye tudu biyu, sai ƙara ta taso daga arewa. Inuwar jirgin ta bi ta kansu su uku ta wuce. Basiru ya tsaya ya ɗaga kai, ya ga jerin tagogi suna walƙiya, ya zaɓi ɗaya ya zaunar da Laure. Bai ga saukar ba, tudu ya tare. Tani ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ya sami wata aduwa a bayan tudun, ya kafa ɗan ciyawar a gindinta. Har yanzu yana nan, rana ta ƙara karkata masa wuya. Tani takan yi kiwo a kewayen, in zafi ya yi ta durƙusa kusa da shi. An gama shinge, ba ta ko nufi wajen ba. Basiru yakan biyo da la'asar in ya tashi aiki, ya zuba mata ruwa, ya ƙara gishiri a bayan ɗan, ya tsince duwatsun da ke wurin kwanciyarta ya zuba a buhu.