Ranar da Umma ta je Jidda ganin malamin Yaya

Yayana da nake bi farfesa ne a wata jami'a a ƙasar Jamus, kuma abin da ya ƙware a kai shi ne tarihin kimiyyar Jamusawa da al'adunsu. Har yau idan baƙo ya tambayi aikinsa a gidanmu na Makka, sai mun ɗan kalli juna kafin wani ya amsa.

Kakanmu marini ne daga Kano. Ya biyo ta Cadi da Sudan ya zo aikin hajji, bai koma ba. A nan aka haifi Baba, yana sayar da yadi da dardumar salla. Yaya kuwa tun yana saurayi yake samun aiki a Mina lokacin hajji, yana yi wa alhazai jagora zuwa wurin jifa. Wata shekara aka haɗa shi da Turkawa mazauna Jamus, ya dawo gida da 'yan kalmomin Jamusanci yana gwada su a kanmu wajen cin abinci. Umma ta ce kamar wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya. Mun ɗauka abin zai wuce kamar yadda son ƙwallo ya wuce masa. Sai ga shi ya karanta tarihi a jami'a, ya sami gurbin ƙaro karatu, ya tafi.

Bincikensa na farko a kan yadda Jamusawa suka gano haɗa shuni a masana'anta ne, ba tare da ganyen baba da marina ke amfani da shi ba. Da ya yi wa Baba bayani, Baba ya jinjina kai ya ce wato mutanen da suka rage wa kakanmu ciniki su ne Yaya ya je yana rubuta labarinsu. Da ya zama dakta kuma, matan unguwa suka riƙa zuwa da ciwon gwiwa duk lokacin da ya zo hutu. Umma ba ta taɓa gyara musu ba. Takan ce su shiga, ai yana ciki.

Abin da ya daɗe yana damun Umma shi ne ba ta taɓa ganin malamin da ya koyar da ɗanta ba. A wurinta rashin kyautawa ne mutum ya riƙe maka ɗa shekara da shekaru ba ka je godiya ba. Malamin ba musulmi ba ne, ba zai shigo Makka ba, ita kuma ta ce ba ta hawa jirgi. Sai wata shekara aka gayyace shi taro a Jidda, Yaya ya rako shi. Umma ta sa aka yi tsire, ta soya waina da kanta, mijina ya kai mu a mota.

Mun same shi a falon otal, dogon tsoho mai farin gashi. Ya miƙe tsaye da ya ga Umma. Bayan gaisuwa ta dubi Yaya, wanda a lokacin gemunsa ya fara furfura, ta ce, "Tambaye shi, kana dai jin maganarsa ko?"

Yaya ya fassara. Tsohon ya yi dariya, ya yi magana mai tsawo da Jamusanci har yana nuna Yaya da yatsa. Yaya ya juyo ya ce, "Ya ce ina ji, Umma."

Umma ta ce wannan doguwar magana ta fi ƙarfin ina ji. Ashe tsohon ya karanci Larabci a ƙuruciyarsa, kuma ya fahimci an rage masa zance. Sai ya maimaita da Larabcin littafi, a hankali, kamar mai huɗuba. Ya ce ɗanta ya rubuta littafi guda don ya nuna cewa shi malamin ya yi kuskure a wani babban bincikensa, har suka yi wani lokaci ba sa gaisawa sosai. Ya ce daga baya ya sake dubawa ya ga ɗalibinsa ne da gaskiya, kuma a duk shekarun koyarwarsa babu abin da ya fi alfahari da shi.

Umma ba ta tsaya kan alfaharin ba. Ta tambayi Yaya ko a gidan nan aka koya masa ƙaryata malaminsa a gaban jama'a, har da bugawa a littafi. Yaya ya yi ƙoƙarin bayyana mata cewa haka ake yi a fagen ilimi, malamin ma ya sa baki yana roƙo, amma ta ce sai ya ba shi haƙuri. A nan falon, ma'aikatan otal suna wucewa, Yaya ya russuna ya nemi gafara, da Jamusanci sannan da Larabci don Umma ta tabbatar ba a sake rage zance ba. Tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yafe. Daga nan aka buɗe tsire. Yaji ya sa shi hawaye, amma ya ƙi ajiyewa, Umma kuma tana ta ƙara masa.

A hanyar komawa ta tambayi Yaya ainihin abin da suka saɓa a kai. Ya gyara zama cike da murna ya fara daga farko. Kafin mu fita Jidda barci ya ɗauke ta, sai ni da mijina muka sha sauran bayanin har ƙofar gida.

Da malamin ya yi ritaya, Yaya aka ba kujerarsa. Yaya ya ce wani kwamiti ne ya zauna ya duba littattafansa. Umma ta ce albarkar haƙurin da ya bayar ne, kuma haka ta faɗa wa duk wanda ya zo barka.